Hawan Jini, Ƙoda, da Maganin da Ke Ƙarewa a Kan Hanya

 Gaisuwa ga iyayenmu makiyaya da ke ruga rediyo na rataye a kafaɗa, da dillalan shanun da suka tsallako Paga suna hanyar kasuwar Tulaku, da masu albasar Galmi da ke jiran a sauke kaya a Adjen Kotoku, da direbobin da layi ya riƙe a Aflao. Yau daga Abossey Okai nake muku magana, kasuwar kayan mota ta birnin Accra, ko Ankara kamar yadda kakanninmu ke faɗa. Ni dai ba likita ba ne, aikin jarida na karanta. Abin da likitoci suka bincika suka rubuta, shi na bi na karanta, na kawo muku da Hausa.

Akwai wani abokin mahaifina a kasuwar nan, Baba nake ce masa, kuma sunansa zai tsaya a cikina. Shekara fiye da 20 yana sayar da kayan injin manyan motoci. Yau yana Lome, gobe Kwatano, wani watan sai ka ji shi a Yamai. Lokacin da zai tafi aikin Hajji aka auna shi aka ce jininsa ya hau. Aka ba shi magani, ya sha na wata ɗaya, ya ji garau, ya ajiye. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi: "Ɗana, mai lafiya yana shan magani ne?" In kansa ya sara a kan hanya, sai ya sayi ƙwayar kashe ciwo wajen masu talla a tasha, ya kora da shayi, mota ta tashi. Haka aka kwashe shekaru. Bara takalminsa ya daina shigarsa. Fitsari ya riƙa kumfa kamar an zuba omo, abinci ya fita ransa, da safe fuska a kumbure. Yanzu sau biyu a mako ake haɗa shi da injin wankin ƙoda, kusan awa huɗu kowane zama. Mutumin da bai iya yin mako biyu a gari ɗaya ba, yau ko Kumasi ba ya iya zuwa ya yi kwana huɗu. Da bakinsa ya ce mini an ɗaure shi a turke.

To, mene ne haɗin hawan jini da ƙoda? Kai da ka taɓa feɗe rago ka san ƙoda, guda biyu ne, kuma ta mutum girmanta kamar dunƙulen hannunsa. A cikin kowace ɗaya akwai ƙananan rariyoyi kusan miliyan guda, ido ba ya ganinsu. A kwana ɗaya suna tace ruwan jini kimanin lita 180, wato jarka tara mai cin lita 20, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da dattin a fitsarin da bai wuce lita ɗaya ko biyu ba. In jini yana bugawa da ƙarfin da ya wuce ƙima, shekara da shekaru, rariyoyin nan sai su riƙa yagewa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage su ɗauki aikin waɗanda suka mutu, shi ya sa ba ka jin komai. Mutum kan rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana ta harkokinsa. Kafin ƙafa ta kumbura, aikin gama ya kusa gamawa. Kuma ita ƙodar da ta lalace tana ƙara hawar da jinin, ka ga abin ya zama kowa na ingiza ɗan'uwansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa cikin kowane manya uku a duniya ɗaya na da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. In kuna zaune ku shida a majalisa kuna sauraron shirin nan, ku yi lissafin da kanku.

Abin da ya sa na zaɓi maganar nan yau shi ne, da can yawancin binciken magani a kan Turawa ake yinsa, mu sai dai a kawo mana sakamako. Yanzu an fara yi a kanmu, a asibitocin da muka sani, kuma likitocinmu ne a gaba.

Na farko, ku makiyaya ku matso kusa, don akwai tsando a ciki. A watan Oktoba na 2024 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga wani bincike da aka yi a Gana da Najeriya a kan mutum 8,355. Cikin jagororinsa akwai Dakta Dwomoa Adu na makarantar likitanci ta Jami'ar Gana da ke Korle Bu, nan kusa da mu. Sun duba wata ƙwayar halitta da ake gado daga iyaye, sunanta APOL1. Kowa yana da ita guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Amma a Afirka ta Yamma mutane da yawa suna ɗauke da wani nau'inta da ya sauya kama. Me ya sa ya yaɗu a nan? Masana sun nuna tun 2010 cewa wannan nau'in yana taimaka wa jini ya yaƙi wata ƙwayar ciwon barci, wanda tsando ke ɗauka, 'yar'uwar ƙwayar da ke sa wa shanu sammore. Wato a zamanin da, a dazukan da tsando ya yi yawa, mai wannan gadon shi ne ya fi tsira ya haihu ya bar baya. Kamar dai labarin sikila da zazzaɓin cizon sauro: abin da ya kare kaka daga wata cuta, shi ne ya zame wa jika nauyi ta wani gefen.

Ga abin da suka samu. Cikin mutanen da aka gwada, masu ciwon ƙoda da masu lafiya a haɗe, kashi 43 cikin ɗari suna da nau'in nan guda ɗaya, kusan kashi 30 kuma suna da guda biyu. Mai guda biyu haɗarin ciwon ƙodarsa ya fi na mai guda ɗaya ko wanda ba shi da ko ɗaya da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Sabon abin da ya ja hankalin likitoci shi ne, ko mai guda ɗaya ma haɗarinsa ya ƙaru, da kimanin kashi 18. A da ana ɗauka sai mai biyu ne kawai ke cikin haɗari.

Kada wannan ya tayar muku da hankali. Yawancin masu ɗauke da gadon nan har su tsufa ƙodarsu lafiya lau. Gadon kamar busasshiyar ciyawa ne, sai an sami abin da ya kyasta masa wuta. Sannan binciken ya nuna ya fi yawa wajen ƙabilun kudu irin su Ibo da Akan, ya fi ƙaranci wajen Hausawa da Fulani. Na san wani zai ce, "To alhamdu lillahi, mu mun tsira." A'a, Baba. Da farko, mu 'yan Zango wa zai rantse da jinin da ke jikinsa? A Nima da Mamobi da Sabon Zango an yi shekara da shekaru ana auratayya, Bahaushe da Bayarabe, Badagombe da Bazabarme, Ga da Asante. Na biyu, ko ba ka da gadon nan, hawan jini da ciwon suga sun isa su cinye ƙoda su kaɗai, kuma su ne manyan masu cinye ta. Ku tambayi mutanen Gashuwa da Nguru a jihar Yobe, inda aka daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda. Ana gwajin wani sabon magani mai suna inaxaplin da aka yi musamman don masu gadon APOL1, amma yana matakin gwaji, ba abin da za ka je kemis ka tambaya ba ne.

Abin da ya fi amfanar ka yau shi ne bincike na biyu, wanda ya tambaya: wane maganin hawan jini ne ya fi yi wa baƙar fata aiki? Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ne ya jagoranta, kuma cikin abokan aikinsa akwai Farfesa Mahmoud Sani na Kano. An buga shi a 2019. Sun ɗauki mutum 728 a ƙasashe shida na Afirka, har da Najeriya da Kamaru, suka raba su gida uku, kowane gida da haɗin magani biyu, na tsawon wata shida. Gidaje biyun da haɗinsu ke da maganin da ake kira amlodipine sun fi samun saukar jini a kan gida na ukun da ba shi da shi. Shi amlodipine ba sabon magani ba ne, ba kuma mai tsada ba ne. Yana cikin magungunan da katin inshorar lafiya na Gana ke biya.

Farfesa Ojji da abokansa ba su tsaya nan ba. A 2024 mujallar JAMA ta Amurka ta buga wani gwajin da suka yi a Najeriya a kan mutum 300. Wannan karon magani uku aka haɗe a ƙwaya ɗaya, kowanne ɗan kaɗan: telmisartan, amlodipine da indapamide. Bayan wata guda, kashi 81 cikin ɗari na masu shan ƙwaya ɗayan nan jininsu ya daidaita, su kuwa waɗanda aka bi da su ta hanyar da aka saba, kashi 55. Bayan wata shida tazarar ta ragu, 82 da 72. Ni abin da na karanta a cikin alƙaluman nan, ban da ƙarfin sabuwar ƙwayar, shi ne wannan 72 ɗin. Da magungunan da ke nan tun tuni, mutum bakwai cikin goma jininsu ya sauka, saboda ana bibiyarsu suna sha kullum suna komawa awo. Ashe matsalarmu ba rashin magani ba ce. Yankewa ce.

Kuma yankewar nan, ku matafiya ta fi kamawa. Ma'aikacin ofis asibitinsa ɗaya, likitansa ɗaya. Kai kuwa an rubuta maka magani a Mamobi, ya ƙare maka a Wagadugu, ka shiga kantin magani ka ce a ba ka "ɗan farin nan ƙarami". Mai kanti yana jin Faransanci, kai kana jin Hausa da ɗan Turanci, kwalin kuma ka jefar tun a Tamale. Ko dai ka haƙura, ko a ba ka wani abu daban. Saboda haka ga dabarar da ba ta cin ko sidi ɗaya. Kowane kwalin magani yana da suna biyu: babban suna na kamfani, wanda ke canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, da ainihin sunan maganin, wanda galibi ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashinsa. Wannan na biyun kusan iri ɗaya ne a Turanci da Faransanci. Amlodipine a Accra, amlodipine ne a Lome da Yamai. Ka sa likita ko ɗanka ya rubuta maka shi a takarda tare da lambar ƙarfinsa, 5 ne ko 10, ka naɗe ta cikin takardun tafiyarka. Ka ɗauki hoton kwalin a waya. In tafiyar mako uku ce, ka ɗauki maganin mako biyar, don ka san yadda iyaka take, ranar da za a rufe ta ba a yi shawara da kai. Direbobi kuma, kada a bar magani a gaban mota rana na dukansa, zafi na rage masa ƙarfi.

Amma kada wani ya ji sunan magani a rediyo ya je ya saya wa kansa. Akwai dalili. Wanda ƙodarsa ta fara zubar da sinadarin furotin a fitsari, ko mai ciwon suga, likita kan zaɓa masa irin su lisinopril ko losartan don suna kare rariyoyin nan. Su kuma waɗannan, da telmisartan ɗin da na ambata, ba a ba mace mai juna biyu, suna cutar da abin da ke ciki. Hajiya, in kina shan maganin hawan jini kika ga alamar ciki, ki koma asibiti a canza miki, kada ki jira. Shi ma amlodipine yakan kumbura wa wasu idon sawu. In ya yi maka haka, ka je ka faɗa a duba, a rage ko a sauya, ba ka jefar da shi ka yi shiru ba. Azumi ma ba hujjar ajiyewa ba ne, yawancinsu sau ɗaya ake sha a rana, likita zai gaya maka ko da sahur ko da buɗa-baki.

Yanzu ƙwayoyin kashe ciwo. Na san aikinku da wahala. Mai bin shanu a ƙafa tun asuba, mai ɗaga injin mota a kasuwar nan, mai tuƙi daga Tema har Dori, dole jiki ya yi tsami. Amma irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake sayarwa a faranti a kowace tasha, suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna kuma hawar da jini. Sha ɗaya jefi-jefi ga mai lafiya ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne kullum-kullum, cikin rana, ga gumi, ga ƙarancin shan ruwa, ga hawan jinin da ba a sani ba. Haɗin da masu talla ke ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, ba wanda ya san me ke ciki, sau da yawa irin waɗannan ne biyu ko uku a haɗe. Kuma ina roƙon iyayena na ruga: allurar da aka yi don saniya, a bar wa saniya. Haka jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a gora da sunan wankin ciki ko ƙarin kuzari. Ban ce duk maganin gargajiya guba ba ne, ni ma da sassaƙe aka raine ni. Amma wanda aka ce ƙodarsa ta fara rauni, kada ya zuba mata abin da ba a san awonsa ba.

Sai gishiri. Wani babban bincike da aka yi kan shanyewar ɓarin jiki a asibitocin Gana da Najeriya, har da na Accra, Kumasi, Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya samu cewa hawan jini shi ne uban tafiya, yana da hannu a kusan tara cikin goma. Cikin sauran abubuwan da suka lissafa akwai barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da yawan cin nama, da ƙarancin cin ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duka-duka har da wanda ke cikin miya. Shi kuma ɗunƙulen magi, kusan rabinsa gishiri ne. Ka lissafa na cikin wake da shinkafar safe, da shiton da aka ɗora, da yajin tsiren dare. Ganyen kuwa muna da shi: ayoyo a tuwon zafi, kuka, zogale, rama, alayyafo.

A ƙasar Sin an gwada wani gishiri da aka rage masa sinadarin sodiyam aka cike da fotasiyam, a ƙauyuka 600, kan mutum kusan 21,000. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari. Na kawo wannan ne don in yi gargaɗi biyu. Mai ciwon ƙoda ba ya amfani da irin wannan gishirin, don fotasiyam na taruwa a jininsa ya taɓa zuciya. Sannan kada wani ya ce ai kanwa ke nan. Duk da sunan da 'yan boko ke kiranta da shi, kanwar da muke sa wa a miya muke ba shanu, yawancinta sodiyam ce, 'yar gidan su gishiri.

Wanda ƙodarsa ta riga ta fara rauni ma ba a rufe masa ƙofa ba. Wasu magunguna da aka fara yi don ciwon suga, dapagliflozin da empagliflozin, an gwada su a kan dubban masu ciwon ƙoda a 2020 da 2022, aka ga suna jinkirta lalacewarta ƙwarai, har ga waɗanda ba su da suga. Suna da tsada a kasuwarmu, kuma amfaninsu ga wanda aka gano da wuri ne. Wanda ya zo a makare, sai injin wanki. Kun tuna hayaniyar da aka yi a watan Satumba na 2023, lokacin da aka ji kuɗin wanki ɗaya a Korle Bu zai tashi daga sidi 380 zuwa 765. Daga baya, a watan Disamba na 2024, hukumar inshorar lafiya ta fara ɗaukar nauyin wankin a wasu asibitoci. Wannan sauƙi ne babba. Amma ko kyauta ne, injin ba ya bin ka ruga, ba ya tsallaka iyaka da kai. Sana'ar da ta dogara da tafiya, ranar da aka fara wanki ta tsaya.

Gano shi da wuri kuwa abu uku ne kacal. Awon jini a damtse, minti biyu. In an auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko sama, hawan jini ne, ko kana jin ƙarfin kayar da bijimi. Sai gwajin fitsari da ɗan tsinken takarda, a ga ko akwai furotin a ciki. Sai gwajin jini da ake kira kiriyatinin, shi ke nuna yawan aikin da ya rage wa ƙodar. In kana Abossey Okai, asibitin Kaneshie yana nan kusa da kai. In kana Nima, ga babban asibitin Mamobi. Kantunan magani da yawa ma suna auna jini. Mai hawan jini, mai suga, da wanda aka taɓa yin ciwon ƙoda a gidansu, ya yi gwajin fitsarin da na jinin sau ɗaya a shekara. Ku makiyaya, ranar da kuka shigo gari cin kasuwa ko sayen maganin dabbobi, ranar ce ta awo. Ardo, in ka miƙa hannunka aka fara auna ka, sauran za su biyo.

Jiya da yamma na leƙa shagon Baba. Babban ɗansa ne a kan kujera, shi ke zuwa Lome yanzu, shekarunsa 31. Baba ya sa an kai shi awo makon jiya, an samu 150 bisa 95, an ce ya koma bayan mako biyu a sake aunawa. Ya ce mini ranar ta faɗo daidai da zuwan kwantenarsa. Na ce to, wanne za a ɗaga? Ya yi dariya bai ba ni amsa ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki maganar tarin fuka da ɗanyen nono. A huta lafiya.